Rumfar Kwano Ko Ta Tampol?

Manomi yakan sha wahala iri biyu a kan amfanin gonarsa. Ta farko ita ce wahalar samunsa, ta biyu kuwa ita ce wahalar tsare shi bayan ya samu. Ta farko kowa yana ganinta, domin a fili ake yin ta, cikin rana da taɓo. Ta biyu a ɓoye take, can bayan gida, inda gara da ɓera da danshi suke cin rabonsu ba da sanin mai kaya ba. A kan wannan ta biyun nake so in yi ɗan bayani ga 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, sabo da wata shawara da aka yi a gidanmu a unguwar Badariya, wadda har ni ma aka sa bakina a ciki.

Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar Kabi suna da wurin ajiye hatsinsu. Akwai rumbun zana, akwai kuma rufewa, watau rumbun da ake ginawa da ƙasa. Akan ɗora ta bisa duwatsu don kada gindinta ya taɓa ƙasa, a bar mata baki ɗaya can sama, a kifa mata jinka kamar malafa. Kaurin ginin yana hana zafi shiga, kaji kuma suna fakewa a ƙarƙashinta suna tsince gara. Geron da aka jera dami dami a cikin rufewa mai kyau yakan yi shekara biyu ko uku bai yi kome ba. Akwai irinta guda a gidanmu, kakarmu ce take lura da ita, ba ta kuwa yarda yaro ya hau sai da izininta.

To, amma noma ya canza. Da injin ban-ruwa ya yawaita a fadamar gulbinmu, tun daga Birnin Kebbi har Argungu, sai mutane suka shiga noman shinkafa da rani. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya, abin ya daɗa haɓaka. A 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga kuma na Labana a nan garinmu. Yanzu da buhu ake ƙidaya arzikin manomi. Buhun shinkafa kuwa ba ya shiga ta bakin rufewa. Wani abu kuma, gero da dawa da kaka suke zuwa gida, lokacin da sama ta bushe. Shinkafar rani kuwa wajen watan Mayu ake yanke ta, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas. Watau ranar da manomi ya fi kowa kaya a fili, ita ce ranar da ruwa ya fi kusa da sauka.

A ranin 2024 Allah ya ba mahaifina buhu 70 na shanshera, watau shinkafar da ba a cashe ba, daga wata gona da yake haya a fadama. Kafin wannan shekara, a zaure da ɗakin samari muke jibge abin da aka samu. Mu muke kwana da buhuna, ɓeraye suna tsere a kanmu har asuba. Wannan karo kuwa ko an cika ɗakunan biyu har rufi ba za su ɗauke ba. Ga dillalai suna ta sallama a ƙofar gida, sun san wanda ba shi da wurin ajiya ba ya jayayya a kan kuɗi. Kowa ya san shinkafa takan faɗi lokacin girbi, ta tashi in damina ta yi nisa. A cikin ratar da ke tsakanin farashin nan biyu kuɗin hayar gona yake, da kuɗin taki, da kuɗin jarrabawar yayata ta fita sakandare. Don haka maganar wurin ajiya ba ƙaramar magana ba ce a gare mu.

Wata ranar Jumma'a da dare Kawu ya zo daga Argungu, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu ɗan kasuwa ne, yana sayen shanshera a hannun manoma yana kai wa masu casa. Shi ne ya fara kawo shawara. Ya ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka. A sami mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe kamar baka, a kafa su a jere, a ja musu tampol mai kauri irin na manyan motoci. Kwana biyu an gama. In ka tashi daga wannan gona ka kwance abinka ka tafi da shi. Kuɗin buhu bakwai ya ishe ka."

Baffa, ƙanen mahaifina, kafinta ne. Ya saurara har Kawu ya gama, sa'an nan ya ce, "Yaya, ni dai rumfar kwano na sani. A kafa dirkoki a filin nan na bayan gida, a ɗora azara, a buga kwano. Kuɗinta ya ninka na tampol wajen sau uku, ban ɓoye maka ba. Amma araha ba ta ado. Rumfar da na yi wa maƙwabcinmu shekara goma sha biyar ke nan, har yau tana tsaye."

Kakarmu tana gefe tana jan tasbaha. Ta ce, "Ni ban san mi kuka so da ɗakin da ba shi da bango ba. Hatsi ba shi son kallo." Aka yi dariya, amma maganarta ta zauna a zuciyar kowa, domin ɓarawo da akuya duk da ido suke farawa.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, sai mahaifina ya dube ni ya ce, "Kai da ake koya wa aikin gona a makaranta, ɗauko takarda. Ka rubuta abin da kowa ya faɗi, ka kai wa malaminku, ka dawo mana da abin da ya ce." Ban taɓa jin nauyin karatuna ba kamar wannan dare.

Ranar Litinin bayan an tashi na sami malaminmu na aikin gona. Ya karanta takardar, ya yi murmushi, ya ce ba a gidanmu aka fara wannan gardama ba. Ya ce a Amurka, a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikinsu ya karye, manoma suka rasa kuɗin gini mai harsashi, sai suka riƙa sayen tsofaffin turakun wayar tarho suna kafawa a ƙasa suna ɗora rufi. Daga nan irin wannan rumfa ta bazu a ƙasarsu. Ita kuma rumfar tampol, ya ce, manyanta ake gani a wuraren da Hukumar Abinci ta Duniya take raba agaji, kamar a jihar Barno, domin ana kafa ta cikin 'yan kwanaki, in aiki ya ƙare a naɗe ta a kai wani gari.

Ya kuma tuna mini da dalar gyada ta Kano. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyada ya bunƙasa, har ta fi ƙarfin taragun da ke kwashe ta zuwa Ikko. Sai attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da kamfanonin Turawa suka riƙa tara buhuna a fili kamar duwatsu. Da tampol ake rufe su in damina ta zo. Ya ce in lura da abu biyu. Na ɗaya, gyadar nan jiran jirgi take yi, ba zama ta zo yi ba. Na biyu, akwai ma'aikata da aikinsu ke nan, su duba, su gyara, su yi maganin ƙwari. Tampol bai taɓa tsare kaya shi kaɗai ba.

Daga nan ya shiga bayanin da ya fi amfanata. Ya ce mutane suna ɗaga kai sama in ana maganar ajiya, alhali ruwan sama ɗaya ne kurum daga cikin abokan gāba. Sauran daga ƙasa suke tasowa, ko kuma suna cikin buhun tun daga gona. Ƙwayar shinkafa abu ne mai rai, tana numfashi, tana fid da ɗumi da laima. In aka rufe ta ruf da tampol, rana ta buga, iskar ciki takan yi zafi ta kwashi laimar. Da dare ya yi sanyi, sai laimar ta taru a jikin tampol ta ciki ta riƙa ɗiga bisa buhunan sama. Ƙasa kuma tana turo nata danshin cikin buhunan ƙasa. Bayan 'yan makonni sai fumfuna, ƙwaya ta yi rawaya ko baƙi, in an kai injin casa ta farfashe. Wannan na taɓa gani da idona a masussuka. In ka ɗaga tampol da sassafe, sai ka ga cikinsa ya jiƙe sharkaf ko da ba a yi ruwa ba.

Na ce to, ashe kwano ya ci ke nan. Ya ce in dakata. Kwano ma yana da nasa aibin. A watan Afrilu zafin garinmu yakan wuce digiri 40, kwano kuwa yakan ɗauki zafin nan ya sauke shi a kan abin da ke ƙarƙashinsa. In rufin ya yi ƙasa ƙasa, buhunan sama gasuwa za su yi. Iskar farkon damina kuma ba ta raina kwano, kowace shekara muna ganin rufin da ta yaye a cikin gari. Dirka ta itace abincin gara ce in ba a kiyaye gindinta ba. Abin da rumfar kwano ta fi ta tampol da shi, in ji shi, abu biyu ne: iska tana ratsa ta, kuma tana daɗewa. Tampol na kasuwa rana takan cinye shi, ya yi tauri, ya fara tsagewa ta wajen ɗinki da inda ya gogi ƙarfe. Wanda ya zaɓe shi ya sa a ransa zai riƙa sayen sabo a kai a kai.

Kafin in tafi ya koya mini yadda ake gane shinkafa ta bushe. Masana sun ce kada laimar da ke cikin shanshera ta wuce kashi 14 cikin 100 in za a ajiye ta. Wanda ba shi da na'urar awo sai ya sami kwalba busasshiya, ya zuba shinkafa da ɗan gishirin da aka shanya ya bushe ƙayau, ya toshe, ya girgiza, ya bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. In bai manne ba, a ɗure a buhu.

Na koma gida na karanta musu duk abin da na rubuto. Sai ga shi kowa ya sami abin kamawa. Kawu ya ce ai ga shi har Hukumar Abinci ta Duniya da tampol take aiki. Baffa ya ce ai ga shi malam ya ce tampol yana gumi. Aka kusa komawa gidan jiya.

Inna ce ta raba gardamar, ita da tun farko ba ta ce kome ba. Ta ce, "Malam, ni tambaya gare ni. Wannan rumfa, ko ta mene ce, a ina za a kafa ta?" Kawu ya ce a bakin gona mana, a huta da kuɗin mota. Ta ce, "Yaya, ka manta da 2020?" Nan kowa ya yi shiru. A damina ta wannan shekara gulbi ya cika ya batse, ya shafe gonakin shinkafa a faɗin jihar Kebbi, har gadoji da hanyoyi suka yanke. Duk abin da aka bari a fadama ruwa ya tafi da shi. Ta ce gonar nan ma ba tamu ba ce, haya muke yi. Filin bayan gida kuwa namu ne, a tudu yake. Bayan haka ita ce mai turara shinkafa tana sayarwa mudu mudu, buhu biyu ko uku a mako. In kaya suna fadama, wa zai riƙa ɗauko mata? Wa zai kwana yana gadi har wata huɗu?

Da aka tsai da wuri, sai sauran magana ta zo da sauƙi. Abin da ya sa tampol ya yi kyau shi ne ana ɗauke shi a canza masa wuri. Mu kuwa ba mu da niyyar canza wuri. Kayanmu kuma ba jiran mota suke yi ba, watanni za su yi. Mahaifina ya ce a yi rumfar kwano.

Amma fa kada a ɗauka abin ya zo da daɗi. Kafin a sayi kwano bandir uku da katako da ƙusa da siminti, sai da aka sayar da buhu 20 a farashin girbi, watau abin da ake gudu tun farko. Na ga fuskar mahaifina ranar da dillali yake ƙirga masa kuɗi, ba fuskar mai murna ba ce. Babur ɗin da wana ya daɗe yana sa rai a kansa aka ce sai wata shekara. Kwana biyu bai yi wa kowa magana ba, a na uku ya ɗauki diga ya fara haƙa ramin dirka.

Ga yadda Baffa ya tsara aikin, ko wani zai amfana. Dirkoki takwas aka kafa, huɗu a kowane gefe. An shafe gindin kowace da baƙin mai, aka zuba mata kankare a rami, har ya ɗan taso bisa ƙasa don kada ruwa ya kwanta. An yi amfani da azarar giginya wajen ɗaukar rufi, domin gara ba ta cika damunta ba. Rufin an ɗaga shi sosai, aka bar masa baki mai tsawo ta gabas, inda ruwa da iska suka fi bugowa, aka kuma ɗaure katakon rufi da dirkoki da waya mai kauri, ba a dogara ga ƙusa kaɗai ba. A ƙarƙashin kwanon aka shimfiɗa zana don ta tare zafi. Ƙasan an cike shi ya yi tudu, aka yi daɓen siminti, aka jera katako, sa'an nan aka ɗora buhuna. Tsakanin buhuna da gefen rumfa an bar hanyar da mutum zai bi ya zagaya ya duba. Kuɗi bai kai ga bulo ba a shekarar farko, sai aka kewaye da zana aka sa ƙofar kwano da kwaɗo. Kakarmu ta zagaya ta duba, ta ce yanzu hatsi ya sami sutura.

Tampol ma ba a yar da shi ba. An sayi guda biyu, suna can suna aikin da suka fi iyawa: a kansu ake bugun shinkafa, a kansu ake shanya, in hadari ya taso a ja a rufe, in ya wuce a buɗe. Gero yana nan cikin rufewarsa. Wake kuwa, wanda ƙwaro yake biyo shi tun daga gona, ba rufin da yake tsare shi. Shi sai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. In an ɗaure shi tam, iskar ciki takan ƙare, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba wa abinci guba ba.

A watan Yuni aka yi wata iska da dare, ta ɗaga kwano ɗaya ta kusurwa, ruwa ya taɓa buhu uku. Da gari ya waye muka zazzage su muka shanya, Baffa ya ƙara ƙusa. Sauran ba abin da ya same su. Inna ta yi ta ɗiba tana turarawa, ragowar kuma aka sayar a watan Agusta da daraja. An biya mai gona, an biya kuɗin jarrabawa. A shekara ta biyu aka sa bulo har iyakar ƙirji, aka bar sama a buɗe da raga don iska.

Kawu fa? Ya koma Argungu ya yi rumfarsa ta tampol yadda ya faɗa, tana kuwa yi masa aiki. Filin da yake ciniki na haya ne, shinkafarsa kuma ba ta wuce mako ɗaya ko biyu take tafiya injin casa. Ya bar bakin rumfar biyu a buɗe, ya jera katako a ƙasa. In da kwano ya buga a filin mutane, ran da aka ce ya tashi ya yi hasara. In ya zo gidanmu yakan ƙwanƙwasa dirka ya ce wa Baffa, "Har yanzu ba ta faɗi ba?" Baffa ya ce, "Tampol na nawa ke nan ka saya?"

Don haka, iyayenmu, in wannan shawara ta taso a gidajenku, ina roƙo a fara da tambaya uku kafin a tambayi kuɗi. Filin na wane ne, kuma ruwa yana kai wa gare shi? Kwana nawa kayan za su yi a ciki? Wa zai riƙa dubawa? Mai fili nasa a tudu, wanda zai ajiye kaya watanni, ya daure ya kafa dirka ya buga kwano, ko da a shekara biyu zai kammala. Mai haya, ko wanda kayansa na wucewa ne, tampol ya ishe shi, muddin ya ɗaga buhu daga ƙasa ya bar wa iska hanya. Kowanne aka zaɓa, a fara shiri tun shinkafa tana tsaye a gona, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan makaranta, da yawa daga cikinmu mun ɗauki darasin aikin gona abin cike jarrabawa ne kawai. Kwalba da gishiri ba su fi ƙarfin kowane ɗayanmu ba. In an yanke shinkafar bana, kowa ya gwada a gidansu kafin a ɗinke bakin buhu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka noma, amin.